Gidan Totur: Yadda Ake Gane Ciwonsa, a Wanke Shi, a Dawo wa Mota da Silo

Mota na gudu lafiya lau a kan kwalta, amma da ka iso danja ka taka birki sai allurar inji ta zube ƙasa, sitiyari ya kama karkarwa, wani lokaci ma ta mutu murus a tsakiyar go-silo, 'yan adaidaita na ta danna maka oda ta baya. Ko kuwa da ka kunna esi sai ta yi kamar za ta shiɗe, can kuma ta farfaɗo. Idan aka kai ta gareji, abin da aka saba shi ne a canza fulogi, a ce sai an wanke nozul, in abin ya ƙi ci a ɗora wa famfon mai laifi. Kuɗi na ta fita, ciwo yana nan daram. Alhali sau da yawa mai laifin yana nan a fili da zarar ka ɗaga bonet: wani gajeren bututun alminiyam da ke tsakanin babban tiyon iska da jikin inji. A kasuwar kayan gyara, ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, za ka ji ana ce masa totur bodi, wasu kuma su ce bakin injekta. A nan zan riƙa kiransa gidan totur.

Aikin da yake yi

Injin fetur ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya samu kimanin kilo 14.7 na iska. Don haka idan ka taka totur ba mai kake ƙarawa kai tsaye ba, ƙofar iska kake buɗewa. Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira burenbos, ita ce ke auna yawan iskar da ta shigo, sannan ta umarci nozul su fesa man da ya yi daidai da ita.

Ƙofar nan kuwa wani ɗan faifan ƙarfe ne da ke cikin bututun, a ɗaure a jikin wata sanda mai juyawa. In ka take totur har ƙasa, faifan ya kwanta, iska ta wuce ba shamaki. In ka ɗauke ƙafa, ya miƙe ya tare hanya. A nan maganar take. Lokacin da mota ke tsaye tana silo, tazarar da iska ke bi tsakanin bakin faifan da bangon bututun ba ta wuce kaurin 'yan takardu ba. Ɗan baƙin datti da in a wani wuri ya maƙale ba wanda zai kula, a nan yana iya cinye rabin hanyar numfashin inji. Shi ya sa motar ke lafiya a kan gudu, domin ƙofa a buɗe take, amma a tsaye sai ta riƙa sarƙewa.

Iri biyu ne, kuma tilas ka san wanne ke motarka kafin ka ɗauki sifana.

Na farko shi ne mai waya. Wata wayar ƙarfe ce, irin ta birkin keke, ta taso daga fedar totur ta zo ta naɗe a wani ɗan gare-gare a gefen gidan. Ƙafarka ce ke jan faifan kai tsaye. Irin wannan yana da wani bawul na daban a jikinsa, bawul ɗin silo, wanda ke ratsa da iska ta wata 'yar ƙaramar hanya a bayan fage idan faifan ya rufe. Shi za ka samu a Camry ta 1997 zuwa 2001, da Accord ta 1998 zuwa 2002, da Corolla ta 2003 da 2004.

Na biyu na lantarki ne, ba waya ko ɗaya. Fedar tana da sensa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa iya inda ka taka, ita kuma ta tura wuta ga wata ƙaramar mota mai juyawa da ke cikin baƙin akwatin da ke gefen gidan, motar ta juya faifan ta hanyar wasu giyoyin roba. BMW na cikin kamfanonin da suka fara sa shi, a babbar motarsa jerin 7 a ƙarshen shekarun 1980, yanzu kuwa kusan duk motar fetur da shi take fitowa. Camry ta koma kansa tun 2002, Corolla ta Amurka a 2005, Accord mai silinda huɗu a 2006. Wannan ba shi da bawul ɗin silo, faifan ne da kansa ke ɗan motsawa ya daidaita silo. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in ka ga waya da gare-gare, na farko ne, in soket kawai ka gani mai wayoyin wuta, galibi guda 6, na biyu ne.

Mai motar gas, wato dizal, wannan bayanin ba nasa ba ne. Yawan man da aka fesa ne ke sarrafa ƙarfin injinsa, kuma ko da an sa masa faifai, wani aiki daban yake yi.

Daga ina dattin yake zuwa?

Mutum zai ce ai iskar da aka tace ce kawai ke bi ta wurin. Ba ita kaɗai ba ce. Duk inji yana tara tururin baƙin mai a cikinsa, kuma masu ƙera mota ba sa barin tururin ya fita waje, sai su bi da shi ta wani siririn tiyo su mayar da shi hanyar iska don ya ƙone. Wasu injinan har da ɗan hayaƙin salansa ake mayarwa. Wannan maiƙon shi ke lafewa a bayan faifan. Sai kuma ƙura ta zo ta same shi. Wanda ke tuƙi a Kano ko Katsina ko Maraɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya san irin garin ƙurar da ke kwanciya a kan dashbod ko da gilashi a rufe. Idan matatar iska ta yage, ko murfin akwatinta bai rufu da kyau ba, ƙurar nan ta haɗu da maiƙo ta zama wani baƙin kwaɓi kamar kwalli, zafi kuma ya gasa shi ya daskare.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Dattin ba a rana ɗaya yake taruwa ba, kuma yayin da yake taruwa ƙwaƙwalwar mota tana ta ƙara buɗe faifan kaɗan-kaɗan don ta cike giɓin, tana kuma ajiye wannan sabon lissafi. Sai ranar da aka cire batir, a motoci da yawa lissafin ya goge, ƙwaƙwalwa ta koma zaton gidan totur sabo ne fil. Nan take mota ta fara mutuwa a silo, mai ita ya koma yana faɗa da mai sayar da batir. Batir bai yi komai ba, asirin dattin ne ya tonu.

Kada ka kwance kafin ka tabbatar

Ka fara da kallon allurar juyin inji bayan mota ta yi zafi, esi a kashe, giya a furi ko a P. Yawancin motoci suna zama tsakanin 600 da 800. Abin da na lura da shi, kuma bai cika saɓawa ba, shi ne silon da ya yi ƙasa ko yake mutuwa ya fi nuna datti, wanda kuwa ya haura sama ya ƙi sauka ya fi nuna iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Don haka ka kama babban tiyon nan mai lanƙwasa-lanƙwasa ka murɗa shi a hannu, ka leƙa ƙasansa. Zafinmu yana busar da robar ta tsage a cikin lanƙwasar, inda ido ba ya kaiwa. In ya tsage, ko sau goma ka wanke gidan totur aikin banza ka yi.

Sai na'urar bincike. Duk motar da aka ƙera don Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura irin ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ta isa ta karanto maka lambobin matsala. P0506 na nufin silo ya gaza abin da ake so, wannan sau da yawa wanki yake nema. P0507 silo ya wuce kima. P0505 matsalar tsarin silo ne gaba ɗaya. P0171 iska ta rinjayi mai, sai ka koma neman tsaga ko ka duba sensar awon iska. Daga P0120 zuwa P0123 sensar da ke faɗin matsayin faifai ce ko wayoyinta. P2135 kuma sensa biyun da ke cikin na lantarki ne suka saɓa wa juna. P2111 faifai ya maƙale a buɗe, P2112 ya maƙale a rufe. Ka rubuta lambobin a takarda kafin kowa ya goge su. Akwai masu ɗabi'ar jona kwamfuta su share lamba, fitilar cek ta mutu, su karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta dawo.

In na'urarka na nuna bayanai kai tsaye, ka murɗa makulli zuwa ON ba tare da ka tayar da inji ba, ka taka totur a hankali har ƙasa kana kallon lambar matsayin faifai. Ana so ta hau sumul ta sauka sumul. In tana tsalle ko tana faɗuwa a tsakiya, sensa ta cinye, wanki ba zai yi magani ba. Kada kuma ka firgita in ka ga na lantarki bai nuna sifili ba alhali ƙafarka ba ta kan feda, haka aka yi shi, wani sifirin ne ke riƙe faifan a ɗan buɗe don ko wuta ta yanke motar ta iya rarrafawa zuwa gida.

Wata 'yar magana da ba ta shafi bonet ba: ka duba kafet ɗin ƙarƙashin ƙafarka. A 2009 da 2010 Toyota ta janye miliyoyin motoci a Amurka saboda ƙorafin mota na ƙara gudu da kanta, kuma binciken da injiniyoyin NASA suka taimaka aka yi, wanda aka fitar a 2011, bai samu laifi a lantarkin totur ba. Kafet mai danne feda da feda mai maƙalewa aka kama. Mu kuwa a nan har kafet biyu ake jibgawa.

Kayan aiki

Sifana ko soket mai lamba 10 da 12, sukundireba, filaya, tsohon buroshin haƙori mai laushi, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, tocila, da sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana iska zurarewa tsakanin gidan da jikin inji. Sai gwangwanin feshi wanda aka rubuta a jikinsa na gidan totur ne. Na kafireto ya fi kaifi, yana iya cin roba da wani siririn shafe da wasu kamfanoni ke yi wa bakin faifai da bangon bututun. Fetur, da sanfefa, da buroshin waya, da kankara da bakin sukundireba, duk ka nisance su. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallo yaron shago ya ɗauko sanfefa yana goge cikin bututun har yana ƙyalli, maigidansa na yaba masa. Motar ba ta ƙara yin silo ƙasa da 1,200 ba, domin tazarar da ya buɗe ba ta rufuwa, sai da aka sayi wani.

Yadda ake wankin

Ka bari inji ya huce sarai, da safe kafin a tayar da shi ya fi. Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan taba, don feshin nan yana kama wuta kamar fetur. Ka zare makulli ka sa a aljihu, sannan ka kwance kan batir mai alamar ragi. In rediyonka irin mai neman lambar sirri ne, kamar na Honda da yawa, ka nemo lambar tun kafin ka cire.

Ɗauki hoto da wayarka, ta sama da ta gefe. Ƙananan tiyoyin nan kama suke da juna, kuma bayan awa ɗaya ba za ka tuna wanne ke ina ba.

Sassauta zoben ƙarfen da ya ɗaure babban tiyo, ka zare tiyon. Sensar awon iska tana kusa da akwatin matata, kada ka taɓa cikinta da hannu ko da wannan feshin, tana da nata na daban. Yanzu haska tocila. Abin da kake nema shi ne baƙin zobe a bangon bututun daidai inda bakin faifai ke tsayawa.

Za a iya gogewa a nan inda yake, amma ni ban cika so ba, saboda mafi yawan dattin a bayan faifan yake, ta ɓangaren inji, kuma ruwan feshin da ka kwarara ciki inji ne zai shanye shi da dattin duka. Cirewa ta fi. Danna harshen soket ka zare shi, kada ka ja wayoyin. In mai waya ne, juya gare-garen da hannu wayar ta saki ka zame kanta. Za ka ga siraran tiyoyi biyu a ƙasa masu ɗauke da ruwan lagireto. An sa su ne don ƙasashen sanyi, kada ƙanƙara ta daskarar da faifai. In suna da tsawo, bar su a jiki ka karkato gidan kawai, in ba haka ba ka cire su ka toshe bakinsu don kada ruwa ya tsiyaye. Sai ka kwance noti huɗun da ke riƙe da shi. Da ka ɗauke shi, ka cusa tsumma mai tsabta a ramin da ya bari. Noti ɗaya ya faɗa wannan rami, maganar ta tashi daga wanki ta koma sauke inji.

Riƙe gidan yadda baƙin akwatin lantarkin zai kasance a sama, don ruwa ya gangara nesa da shi. Fesa a jikin tsumma ko buroshi, ba a kan sandar faifai ba. Inda sandar ta shiga bango akwai boris mai ɗauke da giris, in ruwan feshi ya kutsa ya wanke giris ɗin ko ya isa ga sensa, ka gyara ɗaya ka ɓata biyu. Tura faifan a hankali da yatsa ya buɗe, ka riƙe shi, ka goge zoben nan da ke bango, ka bi bakin faifan gaba da baya, ka kula da kusurwoyi biyun da ke kusa da sanda, nan datti ya fi ɓuya. In ya daskare, jiƙa shi ka ba shi minti biyu ya yi laushi, ka sake bi. Haƙuri ake so, ba ƙarfi ba. Idan ka gama ka mayar da faifan a hankali, kada ka sake shi ya buga, giyoyin cikin na roba ne.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada ka taɓa sa yatsa a cikin na lantarki alhali soket na jone kuma makulli na ON. Ƙaramar motar nan mai juya faifai tana da ƙarfin da za ta datse maka yatsa.

In ka ga wani shafe mai ruwan toka mai santsi a gefen faifan wanda bai yi kama da datti ba, na kamfani ne, bar shi.

Mai waya yana da ƙarin aiki, domin shi bawul ɗin silo ne ya fi kawo masa cikas. Kwance shi daga jikin gidan, amma ka danna sukundireba da ƙarfi kafin ka murɗa, kan sukurorin motocin Japan yana saurin cinyewa. Wanke ramin da iska ke bi da ɗan abin da ke juyawa ko yake shiga da fita a ciki har sai ya motsa ba tangarɗa. Ɓangaren da soket yake kada ruwa ya taɓa shi.

Sai kuma sukurun nan. A gefen gidan totur mai waya akwai wani ɗan sukuru da ke tare faifai, sau da yawa da ɗigon fenti a kansa. Daga kamfani aka saita shi, fentin kuma alama ce ta kada a taɓa. Ba sukurun silo ba ne irin na kafireto, duk da cewa hannun makanikin da ya taso a zamanin Fijo 504 can yake fara zuwa. In aka murɗa shi silo zai hau na ɗan lokaci, amma sensa ta daina faɗin gaskiya, ƙwaƙwalwa ta rikice, shan mai ya ƙaru, mota mai giyar otomatik ma ta iya fara fizga wajen canji. Haka sukurorin sensar matsayin faifai. In kana tsaye ka ga an nufe su, ka ce: Oga, don Allah a bar wannan tukuna, a fara wankewa mu gani.

Ba shi minti 10 zuwa 15 ya bushe. Cire tsumman da ka toshe rami da shi, ka tabbata ka cire, an sha mantawa. Sa sabon gasket, kada ka shafa gam. Ɗaura notin da hannu tukuna, sannan ka ƙara musu ƙarfi kaɗan-kaɗan a gicciye, na sama dama sai na ƙasa hagu. Motocin yanzu da yawa mazaunin gidan na roba ne, ɗaurin ƙarfi na fasa shi. Mayar da tiyoyi kana duba hoton da ka ɗauka, danna soket har ka ji ƙas, a mai waya ka tabbata wayar na da ɗan sako-sako ba a ɗame take ba, sannan ka jona batir. In ruwan lagireto ya zuba, cika shi ka bar iskar ciki ta fita, domin iska a hanyar ruwa ita kanta tana sa silo hawa da sauka, musamman a tsofaffin Honda.

Rabin aikin da ake mantawa

A nan ne mafi yawan mutane ke cewa wanki ya ɓata musu mota. An wanke, an tayar, sai allura ta tsaya a 1,500 ko ta riƙa lilo. Ba abin da ya lalace. A motocin da cire batir bai goge musu lissafi ba, ƙwaƙwalwa ce har yanzu take buɗe faifai irin buɗin da ta saba yi wa mai datti, ga shi kuwa hanya ta washe. Sai an sake koya mata.

Kowane kamfani da tasa hanyar, amma sharaɗin ɗaya ne: inji ya yi cikakken zafi, batir na da ƙarfi, an kashe esi da fitilu da rediyo, sitiyari a miƙe.

Toyota ba ta da wahala. Murɗa makulli zuwa ON ka ɗan jira ba tare da ka taɓa feda ba, za ka iya jin faifai na motsi, sannan ka tayar ka bar ta tana silo kamar minti 10 bayan ta yi zafi. Kunna esi ka ba ta wasu mintuna, sai ka fita yawo inda za ka riƙa tsayawa kana tashi. Cikin kwana ɗaya ko biyu take daidaita.

Honda kuma ana riƙe inji a 3,000 har fankar lagireto ta tashi, sannan a sake shi ya yi silo na minti 5 ba a kunna komai ba, kuma lokacin da fanka ke juyawa ba ya cikin lissafi. To ga inda al'adar garejinmu ke kawo matsala. Motoci da yawa da sun iso ake cire musu tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi, a jona fanka dairek tana juyawa tun daga murɗa makulli, wai don ƙasarmu da zafi. Irin wannan mota da ƙyar take kai zafin da ƙwaƙwalwa ke jira, sai ta ɗauka har yanzu inji na ɗumama, ta riƙe silo a sama tana ƙara mai, koyon kuma ba zai kammala ba. In taka haka take, a mayar da tamostat a gyara wayarin fanka tukuna. Ko ba don totur ba, man da za ka rage sha ya isa dalili.

Nissan ita ce mai taurin kai, cire batir ba ya sa ta manta tsohon lissafi. A samfura da yawa irin su Altima da X-Trail da Murano na shekarun 2000, bayan inji ya yi zafi ka kashe shi na daƙiƙa 10, ka murɗa zuwa ON ka jira daƙiƙa 3, ka take totur har ƙasa ka saki sau 5 cikin daƙiƙa 5, ka jira daƙiƙa 7, sannan ka take ka riƙe kamar daƙiƙa 20 har fitilar cek ta gama ƙyaftawa ta tsaya cak. Cikin daƙiƙa 3 ka saki feda ka tayar. Sai da agogo a hannu, kuma ba abin kunya ba ne a yi sau uku kafin ta karɓa. Babbar na'urar bincike tana yin wannan da danna maɓalli ɗaya.

Volkswagen da Audi kuwa na'ura suke so. A manhajar VCDS ana shiga saitin tushe na inji, rukuni na 060 ga na lantarki, 098 ga tsofaffi masu waya, makulli a ON inji a kashe. Don haka mai Golf ko Passat ko Sharan ya tabbatar akwai mai na'urar a kusa kafin ya kwance.

Tashin farko bayan wanki yakan ɗan yi gardama, salansa ta yi hayaƙi na 'yan daƙiƙu. Ragowar feshi ne ke ƙonewa.

In wanki bai yi ba

Idan mota na shiga halin nan da fitila ke kamawa, ka taka totur ta ƙi wuce gudun keke, ka kashe ka tayar ta dawo daidai, kuma P2135 ko P2101, wato matsalar ƙaramar motar da ke juya faifai, na ta dawowa, to abin ya wuce datti. Duk da haka kada ka yi saurin zuwa kasuwa. A sa mai wayarin ya duba soket ko ya yi tsatsa ko ramukansa sun saki, ya bi wayoyin ko ɓera ya ci, ya duba wayar as da ƙarfin batir da caji. Wanke inji da ruwan famfo mai ƙarfi a wurin wankin mota ma yana cusa ruwa a soket ɗin. In duk waɗannan lafiya, sannan a yi maganar canji.

Wajen sayen na Beljiyam, tafi da naka a hannu. Lambar da ke jiki ita ce abin dubawa, ba kamannin fuska ba, don injin iri ɗaya na iya zuwa da gida daban a shekaru daban. Ƙirga ƙusoshin soket. Tura faifan ka ji ko yana tafiya sumul yana dawowa da kansa, ka girgiza sandar ka ji ko tana wasa, ka duba sukurorin akwatin ko an taɓa buɗe su. Ku yi magana da mai kaya a kan sharaɗin dawowa in bai yi ba. Shi ma in an ɗaura sai an wanke shi an koya wa ƙwaƙwalwa, kamar dai na farko.

Don kada ya dawo da wuri

Matatar iska ita ce mai gadin ƙofa. Busa ta da iskar mai faci yana fitar da ƙurar sama, amma ƙarfin iskar na yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, in haske ba ya ratsawa ko ka ga huda, canza ta, ka kuma tabbata duk maƙallan murfin akwatin sun kama. Sai ɗan bawul ɗin da ke kan murfin inji wanda tururin mai ke bi, ana kiransa PCV. A irin mai ƙwallo a ciki, in ka cire ka girgiza za ka ji ƙaras-ƙaras, in ya yi shiru ya toshe, kuma ba shi da tsada. Kada a cika baƙin mai ya wuce layin sama na sandar awo, rarar tururi take zama ta biyo hanyar iska.

Ba sai an riƙa wankewa duk sabis ba, yawan kwancewa ma na da nasa lahani. Ni dai duk shekara in hunturu ya wuce, wajen watan Maris, nakan zare babban tiyo in haska tocila. In bango na da haske, in mayar in rufe. In na ga zoben ya fara baƙi, in ware safiyar Asabar. Idan kuwa ka wanke yau, bayan wata biyu ka tarar da baƙin mai a kwance a cikin tiyo kuma zoben ya dawo, to matsalar ta fi ƙarfin gidan totur, wataƙila ringin fistin ne suka fara sakin hayaƙi zuwa ƙasan inji. Abin da ya kamata a yi a nan shi ne a auna matsin kowace silinda kafin ka ƙara sayen wani gwangwanin feshi.